Eppo Huisman, Kocin da Ba Ya Ɗaga Murya

Duk yaron da ya tashi a ƙauyenmu cikin shekara talatin ɗin nan, in dai ya taɓa sa takalmin ƙwallo, to ta hannun Eppo Huisman ya bi. Shi ne kocin 'yan ƙasa da shekara goma sha ɗaya a kulob ɗinmu, maza da mata a haɗe, don ƙauyen bai kai ya cika ƙungiya biyu ba. Ni aure ne ya kawo ni nan arewacin lardin Groningen a ƙasar Holan, kuma a kantin magani nake aiki, saboda haka a can na fara saninsa: dogon mutum mai furfura, kafaɗarsa ta dama ta ɗan zube saboda ɗaukar buhuna a masana'antar dankali. Ya zo ya karɓi maganin hawan jini, ya ce ya gode, ya fita. Gidansa ne na ƙarshe a kan hanyar da ta nufi bakin teku. Matarsa Trijn ta rasu shekara biyu kafin in zo. Abin da na sani ke nan, ban kuma nemi ƙari ba.

Da 'yata Renske ta cika shekara tara sai ta ce ita ma ƙwallo za ta yi, don ƙawarta na yi. Renske ba ta da gudu, ga tsoron ƙwallo. In ta ga ta taso mata sai ta runtse ido ta juya baya. Na kai ta atisaye ranar wata Laraba da yamma, ina ta ba shi haƙuri tun kafin ta taɓa ƙwallon.

"Ba ta iya komai ba fa, Eppo."

"Ai shi ya sa aka kawo ta," in ji shi. Ya durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa, ya kwance igiyar takalminta ya sake ɗaurewa tamau. "Ke yarinya, wace ƙafa kika fi so?"

"Ban sani ba, Koci."

"To, za mu tambaye su duka biyun."

Ranar Asabar da safe ake wasa. Mu iyaye mu jeru a gefe guda, hannu a aljihu, iskar teku na dukanmu. Kocin abokan karawa ya yi ta kai da kawo yana ihu har muryarsa ta dushe. Namu kuwa yana tsaye wuri ɗaya kamar an dasa shi, riƙe da ɗan agogon girki, irin wanda ake murɗawa in za a dafa ƙwai. Duk minti goma agogon ya yi ƙara, sai ya fitar da yara biyu ya sa wasu biyu. Ko wane ne, ko mu ke ci ko mu ake ci. A hutun rabin lokaci tambayarsa ta farko ita ce, "Wa ke jin sanyi?" Daga nan ya faɗa musu abu ɗaya tak da za su gyara, a hankali, har sai sun matso kafin su ji.

In an tashi, mukan taru a ɗakin shan kofi na kulob, kowa da da'irarsa, yara na cin soyayyen dankali. Eppo yakan tattara ƙwallaye da riguna, ya zo ya zauna a ƙarshen dogon teburi, ya sha kofi ɗaya. A gaishe shi, ya amsa. Ban tuna na taɓa ganin wani ya ja kujera kusa da shi ba, ni ma ban taɓa ba. Ba ƙiyayya ba ce. Mutum ne da ba ka san me za ka ce masa ba bayan "yau akwai iska". Kafin sha biyu ya ɗaura jakar riguna a bayan kekensa ya tafi, ranar Laraba ya dawo da su a wanke, a goge.

A shekarar Renske ta biyu abubuwa suka dagule. An ci mu wasa takwas a jere. A cikin iyaye akwai Rogier Veldkamp, wanda ya dawo ƙauyen daga birni da iyalinsa, ɗansa Thijmen kuma shi ne ya fi kowa iya ƙwallo. Rogier ba mugu ba ne. Shi ke kwasar yara huɗu a motarsa duk wasan waje, shi ya gyara fitilun fili da hannunsa. Amma ba ya iya kallon wasa bakinsa a rufe.

A wasa na tara muna gaba da ci biyu da ɗaya, Thijmen ne ya ci duka biyun, saura minti goma a tashi. Agogon girki ya yi ƙara. Eppo ya ɗaga hannu ya kira Thijmen, ya tura Renske.

"Eppo!" Rogier ya ƙwala masa kira daga wancan gefen. "Yanzu? Haba, don Allah! Yau kaɗai ka bar agogon nan ya huta!"

Eppo bai ko juyo ba. Aka ci mu uku cikin minti goman nan, biyu ta gefen Renske suka bi. A mota ta yi ta kuka har gida. Ta ce Thijmen ya ce ita ta jawo, sauran kuma ba wanda ya ce ba haka ba ne.

Sati biyu bayan haka Rogier ya kira taron iyaye, ranar Litinin bayan an tashi daga aiki. Ba a gayyaci Eppo ba. Hilko, shugaban kulob, manomi ne mai son barkwanci, ya zauna a gefe yana juya cokali a kofi. Ni aka ba takarda da biro, wai na fi kowa kyan rubutu. Rogier ya ce mu rubuta abin da muke nema a wurin koci, kowa ya faɗi nasa.

"Ni fa ba ƙin Eppo nake ba," in ji shi. "Mutumin kirki ne. Amma kirki ba ya koya wa yaro bugu da ƙafar hagu. Muna son mai takardar shaidar horarwa."

"Da wanda zai riƙa amsa saƙo," in ji Aukje, ma'aikaciyar jinya mai tagwaye a ƙungiyar. "Ranar da aka ɗage wasa sai da muka je fili cikin ruwan sama muka tarar da takarda manne a ƙofa. Wayarsa tana cikin aljihun tebur a gida, kamar wasiyya."

Aka yi dariya. Wani ya ce mai kuzari, wanda yara za su ji muryarsa. Wata ta ce amma ba mai tsawa ba. Wani ya ce wanda zai sa kowa wasa. Wani ya ce wanda ya san lokacin da ba a cire mai cin ƙwallo. Na yi ta rubutawa har abu goma sha ɗaya.

Hilko ya karɓi takardar ya karanta, ya cire tabarau.

"Wato kuna son wanda zai yi ihu ba tare da ya ɗaga murya ba, ya sa kowa wasa kuma ya ci kowane wasa. In kun same shi ku kawo min, ina da ƙanwa ba ta da miji."

Aka sake dariya, amma aka kaɗa ƙuri'a. Goma sha huɗu suka ce a nemo sabon koci, uku suka ce a bar Eppo. Ina cikin sha huɗun. Abin da na gaya wa kaina shi ne, da an bar Renske a benci ranar nan, da ba wanda ya ɗora mata laifi. Na ɗaga hannu ina kallon takardata.

Hilko ne ya je ya gaya masa. Ya ce da ya gama bayani, Eppo ya ce, "To. Wa zai riƙa ja layin fili?" Hilko ya ce in yana so ya ci gaba da wannan. A ƙarshen kakar wasa aka ba shi furanni da kek a ɗakin shan kofi, aka tafa masa, Rogier ya yi jawabi mai kyau. Eppo ya miƙa makullan ɗakin kaya, ya soke furannin a kwandon keke, ya tafi kafin a yanka kek ɗin.

Sabon kocin, Joeri, ɗalibi ne ɗan shekara ashirin da uku, kuma gaskiya ya iya aikinsa. Yana da takarda, yana amsa saƙo cikin minti biyar, yara suna sonsa. Muka fara ci. Renske takan samu minti biyar a ƙarshe in an riga an yi nisa, ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Kafin Kirsimeti ta ce ta fi son iyo, na mayar da ita can. Eppo kuwa sai ranar Juma'a da rana yake zuwa fili, lokacin da ba kowa, ya tura ɗan amalanken farin fenti daga wannan kusurwa zuwa waccan. Nakan hango shi daga hanya in na taso daga aiki. Ranar Asabar a zo a tarar da layuka a miƙe, shi ba ya nan.

A watan Janairu mura mai zafi ta kwantar da shi, likita ya aiko a kai masa magani gida. Mai kai mana saƙo ba ya nan, sai na ce zan biya. Na tarar da shi a kicin cikin rigar sanyi biyu, da tukunyar miyar wake a kan murhu wadda da gani ta kwana uku ana ɗumamawa. Kujera ɗaya ce a bakin teburin; sai da ya shiga ɗaki ya ɗauko min wata. Gidan tsaf, shiru, ba ka jin komai sai iska a jikin taga. Ya dage sai na sha kofi.

Na sha rabi, sannan na ce, "Eppo, ni ma na ɗaga hannu ranar nan."

"Na sani. Sha huɗu da uku." Ya yi tari. "Yaya Renske?"

"Ta koma iyo."

"Ta fara buɗe ido fa in ƙwallo ta taso. Kin lura?"

Ban lura ba. Sai na yi tambayar da duk muka yi shekaru muna yi a bayan idonsa. "Me ya sa ba ka taɓa yi musu magana in ana wasa? Da ko sau ɗaya ka ɗaga murya, da Rogier bai samu abin faɗa ba."

Ya kurɓi kofinsa.

"Ke baƙuwa ce, Jantien, shi ya sa. Tambayi Hilko. A da duk lardin nan ba wanda ya kai ni ihu. Alƙalan wasa har roƙo suke kada a turo su nan."

Sai ya ba ni labarin ɗansa Menno, wanda ban ma san yana da shi ba. Menno yana shekara goma ya fi duk yaron da Eppo ya taɓa horarwa, har da Thijmen. Har mutane daga babban kulob na birni sun zo kallonsa. A ranar da suka zo, wasan kusa da na ƙarshe ne na kofin lardi, a wani ƙauye mai nisan kilomita bakwai. Aka ba su fenareti saura minti biyu, Menno ya buga ta wuce saman raga.

"Na tsaya a tsakiyar fili, a gaban mutum ɗari biyu, na gaya masa ba shi da amfani. Da wasu abubuwan da ba zan maimaita miki ba. Sannan na shiga mota na bar shi. Na ce ya tako da ƙafa ya yi tunani." Ya murza kofin a tafin hannunsa. "Ya tako kuwa. Da takalmin ƙwallo a kan kwalta. Da ya iso safarsa duk jini. Bai yi kuka ba. Ya cire takalmin ya ajiye a bakin ƙofa, bai sake sa shi ba."

Ya ce shekara takwas suka yi a gida ɗaya bayan haka, magana ba ta wuce "miƙo gishiri" ba. Shi yana jira yaron ya manta, yaron kuma bai manta ba. Yana cika sha takwas ya tafi. Ya zo jana'izar uwarsa, ya tsaya a baya, ya wuce kafin a zauna shan kofi.

"Na ajiye aikin koci shekara guda. Trijn ce ta ce in koma, don na ishe ta a gida. Amma ta ce ranar da ta ji na ɗaga wa ɗan wani murya, ranar za ta haɗa kayanta. Ita ta ba ni agogon nan, ta ce in bar shi ya riƙa yanke hukunci, tunda ni ba a yarda da ni ba."

"Ka taɓa ba shi haƙuri? Menno?"

"Na rubuta wasiƙa sau biyu. Ban iya rubutu ba." Ya tashi ya buɗe aljihun tebur, ya ɗauko hoto. Yarinya ce 'yar kimanin shekara tara, da rigar gola da ta yi mata yawa. "Fenna. 'Yarsa. Ƙanwar Trijn ce ta aiko min. A birnin Zwolle suke."

"Zwolle ai ba nisa."

"Awa biyu da kwata. Bas ɗin bakwai da minti goma, sai jirgin ƙasa."

"Ka taɓa zuwa?"

"Asabar ina da wasa," in ji shi. Ya mayar da hoton. "Ko da yake, yanzu ba ni da shi."

A watan Afrilu Joeri ya samu aiki a birnin Utrecht, ya ba mu sanarwar sati biyu. Aka nemi wani mai takarda aka rasa. Ba ɗalibin da zai yarda ya riƙa zuwa ƙauyenmu na ƙarshen duniya sau biyu a mako. Aka sake taro, wannan karon ba takarda ba biro. Aukje ce ta fara cewa, "To, ko za a je a roƙi Eppo?" Rogier ya sunkuyar da kai ya ce shi ba shi da ta cewa. Aka ce ni in je, tunda an ga motata a ƙofar gidansa sau ɗaya.

Na same shi ranar Juma'a a fili, yana ja layi. Na faɗa masa saƙon, har na ƙara da cewa za a saya masa sabuwar waya.

"Ki gode musu," in ji shi, bai daina tura amalanken ba, ni kuma ina biye da shi. "Amma Asabar ɗina ta cika."

Ashe tun Fabrairu yake zuwa Zwolle. Makon farko ya tsaya a wajen shinge, bayan motoci, ya kalli wasan Fenna ta tsakanin wayar shingen. Na biyu ma haka. A na uku ya shiga, ya tsaya a kusurwa nesa da iyaye. Ana hutun rabin lokaci ya ga wani mutum mai sanƙo ya nufo shi, sai da ya zo dab ya gane ɗansa ne.

"Me ya ce?"

"Ya ce, 'Baba.' Na ce, 'Menno.' Ya ce, 'In ka ce mata ko kalma ɗaya a kan wasanta, kada ka sake zuwa.' Na ce na ji. Ya koma wurinsa."

"Shi ke nan?"

"Makon da ya biyo ya kawo min kofi a kofin takarda. Ya sa sukari. Ba na shan sukari, amma ina zai sani?"

Rogier ne ya karɓi ƙungiyar a ƙarshe, ya je ya yi kwas ɗin ya samo takarda. Yana ihu, yara sun saba. Wasu makonnin a ci, wasu a sha kashi. Yanzu shi ma iyaye na taruwa a bayan idonsa, na ji an ce yana fifita wasu.

Shekara biyu ke nan Eppo na bin wannan hanya. Fenna ta san shi yanzu, tana ce masa Kaka, takan zo bakin layi bayan wasa ta nuna masa inda ta ƙuje. Sau ɗaya aka gayyace shi gida, ranar da ta cika sha ɗaya. Ya ce ya zauna awa guda, matar Menno ta yi masa kirki, shi da Menno suka yi maganar rufin gida. Ba a sake gayyatarsa ba, shi kuma bai tambaya ba.

A Disambar da ta wuce, wata Asabar da sassafe zan kai Renske gasar iyo a birni, na gan shi a tashar bas cikin yayyafi, da 'yar jakarsa ta burodi da cuku. Na tsaya na ce ya shigo in sauke shi a tashar jirgi. Ya shiga gaba, gwiwoyinsa na taɓa gaban motar. Ya juya ya tambayi Renske wane irin iyo take yi, ta gaya masa, ya gyaɗa kai kamar ya fahimta.

"Yau da wa za su kara?" na tambaye shi.

"Da na ɗaya a teburin gasa. Za su sha kashi." Ya share gilashin gefensa da hannun riga. "Wasan ƙarshe ne kafin hutun sanyi. Sai kuma Fabrairu."

"To Kirsimeti fa? Menno bai ce komai ba?"

"Suna zuwa wurin iyayen matarsa."

"Ka zo wurinmu mana. Da gaske nake, Eppo. Mijina yana gasa zomo, kullum sai ya yi saura."

"Zan gani," in ji shi.

Na sauke shi a bakin tasha saura minti shida jirgi ya tashi. Ya gode min, ya ce wa Renske ta yi a hankali a wurin juyawa cikin ruwa, ya shige da sauri yana ɗan ɗingishi.

Ranar Kirsimeti na ƙara faranti ɗaya a teburi. Muka jira har ƙarfe biyu, sannan muka ci. Da yamma na zuba naman a kwano na kai masa. Ya buɗe ƙofa da rigar fita a jikinsa, a goge, har da takalmi. Ya ce ya shirya tun sha biyu, sai kuma ya ga kamar zai takura mana. Na ce ya zo yanzu, akwai kek. Ya ce a'a, an riga an makara, wata shekarar. Ya karɓi kwanon da hannu biyu, ya ce zai dawo min da shi a wanke.